Darasin da Malam Zahari Bai Ƙarasa wa Donka Ba

A kicin Kalina ta fara jin sunan Malam Zahari, daga bakin kakarta, hannun tsohuwar dumu-dumu da garin alkama. Tana aji bakwai a lokacin. Ta baje littafin kimiyya a gefen teburin da Kaka Donka ke murza kwaɓi, tana haddar siffar ƙwayar zarra saboda jarrabawa. Tsohuwar ta leƙo ta saman tabarau, ta ga ɗigo baƙi a tsakiyar shafi da wani duhu-duhu kewaye da shi kamar hayaƙi, sai ta ce masu buga littattafan yanzu ba su da tsoron Allah, tawada ta zube musu amma suka sayar a haka.

Kalina ta ce ai ba zubewa ba ce, haka zarra take.

"Wa ya faɗa miki? Matso nan, 'yar boko."

Ta baje gari da gefen hannu, ta dangwala yatsa a tsakiya, sannan ta zana da'ira uku, wata cikin wata. Ta ce ga cibiya nan zaune kamar rana, ga ilektron suna zagaya ta, kowanne a kan layinsa, babu mai taka na wani. Malam Zahari ne ya faɗa, kuma Malam Zahari ba ya ƙarya, sai dai ya canza magana ranar Litinin. Ta yi dariya kaɗan, sai kuma ta tsuke baki kamar wadda ta yi suɓul da baka, ta share zanen ta ci gaba da murza.

Zanen kaka ya fi na littafi shiga rai, don haka shi Kalina ta yi a jarrabawa. Malamarsu ta ba ta rabin maki, ta ce wannan siffar an daɗe da wuce ta. Da labari ya iso gida, Kaka Donka ta ce malamar yarinya ce, idan ta girma za ta gane.

Kalina irin yaran nan ce da ba sa barin zance ya faɗi ƙasa. A gidansu ita ake tambaya wane ne mai gashin baki a tsohon hoton biki, ko kabarin wace gwaggo ne ke kusa da katangar coci. Ta san wanda ya tafi Jamus bai dawo ba, ta san wadda ta auri makiyayi dangi suka yi fushi. Amma duk lokacin da ta taɓo sunan Malam Zahari sai kakar ta tuna akwai wake a kan wuta. Abin da ta iya tsinta bai taka kara ya karya ba: malamin kimiyya ne a Sivnik, ƙauyen kan dutse inda aka haifi kakar, kuma kakar ba ta gama makaranta ba. A ranta ta ɗauka ya daɗe da rasuwa.

Shekarar da ta gama sakandare aka aike ta Sivnik ta share kaburburan dangi kafin bikin ƙauye na bazara. Tana cire ciyawa ta tambayi wata tsohuwa mai shayar da furanni inda aka binne malamin. Matar ta gicciya hannu a ƙirji ta ce kada ta yi masa fatan tsiya, yana can bayan tsohuwar makaranta yana faɗa da ƙudan zumansa.

Ta same shi zaune a kan kututture, dogo, ya rame, idanunsa sun fara yin fari-fari. Ya sa ta matso har yana jin numfashinta, ya daɗe yana duban goshinta, sannan ya ce wannan goshin na gidan su Donka ne. Ya tambaye ta ko Donka ce ta aiko ta. Da ta ce a'a, ita ce ta kawo kanta, sai ya gyaɗa kai ya ce ai ya sani, kuma ya tafi ɗebo mata zuma da burodi.

Yini guda ta yi a wurinsa, a nan ta ji tarihinsa. Ubansa maƙerin gangar katako ne ta ajiyar ruwan inabi, a wani gari na kwari. Tun yana yaro aikinsa shiga cikin ganga yana riƙe da kyandir, uban yana waje yana duba inda haske ke fita, ya ce tun daga nan ya kamu da ciwon son sanin abin da ke cikin rufaffen abu. An turo shi Sivnik yana saurayi a kan zai yi 'yan shekaru a mayar da shi birni. Ya auri ma'aikaciyar gidan waya, ya manta da birni, ya koyar da yara da 'ya'yan yaran, har ranar da aka rufe makarantar saboda ɗalibai sun ƙare.

Abin da aka san shi da shi a duk yankin shi ne yadda yake koyar da ƙwayar zarra. Sauran malamai kan faɗi siffar ƙarshe a rubuta a wuce. Shi kuwa sai ya shigo aji ranar Litinin da ƙwallon katako da ya fafe da hannunsa, ya aza a tebur ya ce ga zarra: dunƙulalliya ce, ba ta tsaguwa, babu komai a cikinta sai ita kanta. Ya kawo hujjoji har sai kowa ya yarda, har mai taurin kan aji ya rantse. Su yini mako guda da wannan gaskiyar. Litinin ta gaba sai ya shigo yana sosa ƙeya, ya ce yara a yi haƙuri, wani mai bincike ya gano wasu 'yan mitsi-mitsi suna fita daga cikin abin da muka ce ba shi da ciki, to yanzu yaya za mu yi? Ya bar su su yi ta gardama. Sai can ya zaro kozunak daga jaka, burodin Ista mai zabibi, ya yanka, ya ce wataƙila haka take: kwaɓi ne, ilektron suna warwatse a ciki kamar zabibi.

A zamanin nan hukuma ba ta son a ambaci Ista a makaranta, ga shi kuma darasin kullum a makon Ista yake faɗowa. Hedimasta ya taɓa shigowa ya ga yara suna lasar yatsa, ya tambaya ko mene ne wannan. Malam Zahari ya ce kayan gwaji ne. Hedimasta ya ce to a yanko masa ya duba ingancinsa, ya ci, ya ce zabibi ya yi kaɗan, ya fita. Daga shekarar ba a sake tayar da maganar ba, sai dai kullum a ajiye masa nasa yankin.

Litinin ta uku burodi ma ya faɗi. Malam ya rataye zoben ƙarfen ganga a ƙofar aji, ya ɗaura ƙaramar ƙararrawar tunkiya a tsakiyarsa da zare, ya ɗaure wa yara idanu ya ba su busasshen wake su yi ta jifa. Yawancin waken wucewa yake fit, kamar babu komai. Jefi-jefi sai a ji ƙararrawa ta yi ƙara, ƙwayar wake ta dawo ta bugi goshin mai jifa. Ya tambaye su, idan zarra cike take kamar burodi, yaya aka yi wake ke wucewa? Idan kuma fanko ce, me ya dawo da wannan? Da bakinsu suke faɗa cewa lallai fili ne mai yawa, da wani ɗan abu mai tauri a tsakiya. Ya ce ai kuwa da irin wannan jifan aka gano cibiya, sai dai su da siririn fallen zinariya suka yi, shi kuma albashinsa wake ya iya saya.

Iyaye sun sha kai ƙararsa. Wani uba ya tare shi a dandali ya ce shi bai gane malamin da ke ƙaryata kansa duk mako ba, in bai san amsar ba ya faɗa a kawo wani. Malam Zahari ya tambaye shi ko a wasan gwara dafaffen ƙwai da ake yi ranar Ista, jan ƙwansa ya taɓa fasa na kowa a gida. Mutumin ya ce sosai ma, bara nasa ne zakara. Ya ce to, bana fa? Mutumin ya ce bana na surukarsa ne ya fasa shi. Malam ya ce haka siffofin nan suke, kowacce zakara ce ta gaske a lokacinta, kuma ba a gane ƙarfinta sai an gwara ta da wata.

Kalina ta ce to ina kakarta ta shigo a labarin.

Ya kori wani ƙudan zuma daga hannun rigarsa. Ya ce Donka ce ɗalibar da ta fi ba shi wahala a duk aikinsa. Ita ce ta tambaye shi tun makon farko da me aka yi ƙwallon idan ba shi da ciki, ta kusa ɓata masa shiri. Saboda haka a Litinin ta huɗu, da ya fitar da aji filin makaranta, ita ya tsayar a tsakiya ya ce ita ce cibiya. Sauran ya jera su da'ira-da'ira, hannu cikin hannu kamar rawar biki, mai gadin makaranta ya kawo gaidarsa, wata irin algaita mai jakar fatar akuya, yana busawa. Kowane layi na zagaya Donka, babu mai tsayawa tsakanin layi da layi. Wanda ya yi tsalle daga layin waje zuwa na ciki sai ya yi fito, fiton nan shi ne hasken da zarra ke fitarwa. Har matan da ke wucewa da tulu suka ajiye suna tafi. Donka na tsaye a tsakiya da kitso biyu, tana ba da umarni kamar ita ce malamar.

A makon nan ne ramin haƙar ma'adini ya danne ƙafar ubanta. Lokacin dashen taba ne, gonar ba ta jira, uwar ba za ta iya ita kaɗai ba. Ranar Asabar Donka ta zo ta ce masa kwana biyu kawai za ta yi, Litinin tana nan. Daga dashe aka shiga tsinka, daga tsinka aka shiga zura ganye a zare, har yatsunta suka yi baƙi. Daga baya ta sauka gari ta kama aiki a masana'antar gwangwani, ta yi aure a can. Litinin ta biyar, wadda a cikinta yake rushe da'irorin, ya yi ta ne babu ita.

Ya ce a duk ɗaliban da suka bi ta hannunsa ita kaɗai ya bari a tsakiyar hanya, riƙe da amsar da shi ya san ba ita ce ta ƙarshe ba. Ya taɓa hango ta a tashar mota a gari, ya ɗaga hannu, ta shige bayan rumfar mai jarida. Wani karon a jana'iza suka haɗu, ta gaishe shi da ladabi ta ce madara na kan wuta, alhali gidanta na can nesa. Da Kalina ta ba shi labarin rabin makinta, dariya ya yi har da tari, sannan ya ce kin gani ko, abin har ya kai jika.

Kafin ta tafi ya gaya mata cewa da kaka ta kama 'yarsa za ta zo ta ɗauke shi zuwa birnin Burgas, saboda idanun. An riga an samar wa ƙudan zumansa sabon mai gida. Ya ce bikin ƙauye ranar Lahadi ne, kuma darasin ba ya yiwuwa sai washegarin biki da safe.

"Ki ce mata Litinin ta yi. Iyakar saƙon ke nan."

Kalina ta isar da saƙo a kicin ɗin nan dai. Kaka Donka ta ce gwiwarta ba ta hawa dutse. Kalina ta ce akwai mota. Ta ce mota na sa ta amai. Kalina ta ce bara da za a je bikin ɗiyar maƙwabciya har bakin teku ba ta yi aman ba. Tsohuwar ta ce wannan yarinya an haife ta ne don ta kashe ta, da ma akuya aka haifa musu da sun sha nono. Kwana biyu ba ta sake tayar da zancen ba, Kalina ma ta kama bakinta.

Ran Juma'a da yamma suna ɓare wake a baranda sai kakar ta yi magana ba tare da ta ɗago ba. Ta ce Kalina na zaton ba ta san abin da zai yi ba ne? Ƙwallo ya fasa, burodi ya fasa, ita ce ma take taya shi. Tun tana tsaye a tsakiyar filin nan ta san Litinin zai fasa wannan ma. Amma ranar ita ce Litinin ɗinta ta ƙarshe a makaranta, kuma tun daga ita ba a sake tsayar da ita a tsakiyar komai ba, kullum a bakin layi take, a gona, a masana'anta, a gidan miji. Ta ce ta gwammace ta zauna da kuskurenta da ta je wani tsoho ya ce mata rawar ma babu ita.

Kalina ta dai ce idan lokacin kaka ya yi Malam zai tafi, kuma ba ya gani sosai, da goshi ya gane ta.

Washegari ƙamshi ne ya tashe ta. Kaka Donka na gasa kozunak a tsakiyar bazara, abin da ba a taɓa yi ba a gidan. Ta ce ba a zuwa wurin malami hannu rabbana, kuma kada wanda ya yi mata tambaya. Zabibin da ta zuba ya kusa fin kwaɓin yawa.

Sun kwana a gidan dangi bayan biki. Da hantsi suka same shi a makiyayar da ke gefen coci, inda aka yi rawa jiya, ya sa farar riga ya ɗaura lakataye, yana dogare da sanda. Babu kowa sai kwalaben da aka zubar da wani kare yana shinshina.

"Kin makara, Donka."

"Taba ce ta riƙe ni, Malam."

"To shiga aji."

Ya tambaye ta inda mai busa gaida ya tsaya jiya. Ta duba ta nuna wani wuri a tsakiya, ya ce ta je ta tsaya a can. Sannan ya ce shi idanunsa sun mutu, ta faɗa masa abin da ta gani a ƙasa. Ta ce ciyawa ce da aka tattake. Ya ce ko'ina daidai? Ta ce a'a, nan kusa an murƙushe ta har ƙasa ta fito, can gaba ta kwanta kawai, can nesa kuma sai ɗaiɗaikun sawu, har a kai inda take tsaye cak. Ya ce ta nuna masa layin da rawar ta bi. Ta juya ta sake juyawa, ta ce babu layi, abin ya caɓe, kamar tawadar da ta zube. Tana faɗa ta waigo ta harari Kalina, wadda ta yi saurin kallon kare.

Ya ce to ta gaya masa inda matar limamin coci take a daidai lokacin da aka fara waƙa ta uku. Ta ce ita ina za ta sani, ba ta da aiki sai gadin matar mutane? Ya ce amma idan aka ce ta yi caca a kai fa? Ta taka inda ƙasa ta fi fitowa ta ce nan za ta zaɓa, ko da yake matar nan da rawar kai, tana iya kasancewa can bakin shinge. Ya ce shi ke nan, ta gama darasin da kanta. Ilektron ba shi da layin da za a bi shi a kai. Abin da aka iya sani shi ne inda ya fi yiwuwa a same shi da inda da wuya, shi ne duhu-duhun da ke littafin jikarta. Ya ƙara da cewa ciyawar ma misali ce, tana da nata ƙaryar, domin mai rawa ko ba a gan shi ba yana da hanyar da ya bi, shi kuwa ilektron masana sun daina yi masa maganar hanya gaba ɗaya.

Kaka Donka ta ce wannan ai rashin tarbiyya ne, abu ya yi ta yawo babu wanda ya san inda yake, kamar mijinta ranar albashi. Ta yi ta jero tambayoyi, wasu ya amsa, wasu ya ce bai sani ba, ɗaya kuma ya ce babu wanda ya sani tukuna, abin da ya fi yi mata daɗi ke nan. Sai da ta gaji ta daina. Ta dubi ƙafafunta a inda take tsaye, murya ta yi ƙasa.

"Ta tsakiyar fa, Malam?"

"Tana nan. An leƙa cikinta an ga ita ma tana da nata 'yan ciki, amma babu wanda ya matsar da ita."

Ta kwance ƙyallen burodi, ta gutsura da hannu ta miƙa masa, ta ce ya duba ingancin kayan gwajin. Ya ci ya ce zabibi ya yi yawa, wannan zarrar ba za ta zauna lafiya ba. Ta ce in ba ya so ya dawo mata da abinta.

Da lokacin kaka ya yi 'yarsa ta zo ta tafi da shi, kuma a hunturu na biyu ya rasu a can. Kaka Donka tana nan, kuma yanzu idan yaran maƙwabta suka kawo aikin gida, gari take watsawa a tebur ta shafa shi da tafin hannu, ta ce kada wanda ya kuskura ya zana mata layi.

A ranar nan ta Litinin, da za su sauka, kakar ta yi gaba tana neman wurin zama kusa da direba saboda aman da ta tuna da shi. Malam Zahari ya riƙe hannun Kalina a bakin hanya. Ta zaci godiya zai yi, har ta fara shirya abin da za ta ce. Sai ya ce shi ba zai ga Litinin ta shida ba, amma yana da yaƙinin tana tafe, domin bai taɓa ganin ƙwan da ya yi zakara har abada ba.

"Ke mai kunne ce, 'yata. Ranar da kika ji sun sake canza ta, ko a rediyo ne, ki ajiye abin da ke hannunki ki je ki faɗa wa kakarki. Kada ki bari ta sake makara."